Tarihin Rediyon Manoma na Garin Shenandoah a Amurka

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, manomi kuma mai saye da sayar da hatsi a yankin Funtuwa, ya rubuto mana cewa tun yana saurayi yake jin kaset-kaset na su Jim Reeves da Don Williams da Dolly Parton a motocin haya da shagunan teloli, an kuma gaya masa wai wannan kiɗa na manoma ne a can Amurka. Shi ne yake so mu ba shi tarihin gidan rediyo na ƙaramin gari da ya yi suna da irin wannan kiɗa: wa ya kafa shi, da kuɗin wa, kuma me manoma suka ƙaru da shi?

AMSA: Gaskiya aka gaya maka. Kiɗan da ake kira kantiri, wanda wasu a nan ke ce wa kiɗan kaboyi, asalinsa na mutanen karkara ne, musamman na kudancin Amurka. Manyan kayansa su ne goge irin na Turawa, da jita, da wani abin kiɗa mai tsirkiya da ake kira banjo. Shi banjo ɗin nan tushensa Afirka ta Yamma ne, bayin da aka kwasa su suka kai fasaharsa can, in ka dube shi da kyau za ka ga danginsa a jikin gurmi da molo.

Gidajen rediyon ƙauye da suka yaɗa wannan kiɗa suna da yawa, amma mun zaɓo maka garin Shenandoah na Jihar Ayowa, domin labarinsa ya shafi sana'arka kai tsaye. Waɗanda suka kafa rediyo a garin ba gwamnati ba ce, ba kuwa mawaƙa ba ne. 'Yan kasuwa ne masu sayar da iri.

Gari da mutanensa

Shenandoah yana kudu maso yammacin Ayowa, tafiyar kilomita kusan 100 daga birnin Omaha. Mutanensa a yau wajen 5,000 ne, ko a lokacin da ya fi cika ma bai kai 7,000 ba. Ka ga ke nan akwai kasuwannin ƙauye a nan da suke tara fiye da haka ran kasuwa. Amma ƙasar wurin baƙa ce mai albarka, kuma Ayowa ita ce jihar da ta fi kowace noman masara a Amurka. Tun kafin zuwan rediyo garin ya yi suna wajen gandun dashen itatuwa da cinikin iri.

Mutum biyu ne jigon labarin. Na farko Henry Field, haifaffen yankin ne a 1871. Tun yana yaro yake ƙulla irin lambu yana sayar wa maƙwabta, har abin ya girma ya zama kamfani mai rajista a 1907. Na biyu Earl May, an haife shi a Jihar Nebraska, ya karanta aikin lauya, ya auri 'yar wani babban mai gandun dashe a Shenandoah, sannan ya buɗe nasa kamfanin iri a 1919. Dukansu ta gidan waya suke ciniki: su buga kundin kaya da farashi su aika wa manoma, manomi ya zaɓi abin da yake so ya aiko da kuɗi, a saka masa kayan a jirgin ƙasa.

Yadda aka fara

A ran 2 ga Nuwamba 1920 ne tashar KDKA ta birnin Pittsburgh ta watsa sakamakon zaɓen shugaban ƙasa, ita ce ake yawan lissafawa a matsayin mafarin rediyon kasuwanci a Amurka. Cikin shekara biyu zuwa uku tashoshi suka ɓarke ko'ina, kantuna da makarantu da jaridu kowa na son tasa. A 1923 Field ya kwashi ma'aikatansa suka tafi Omaha, suka yi shiri a wata tasha mai suna WOAW, suka yi kiɗa da waƙe-waƙen da, shi kuma ya ɗan yi magana kan garinsu da irinsa. Takardun da suka biyo baya su suka nuna masa cewa akwai kasuwa a cikin iska.

Ya dawo gida ya sa aka kafa eriya a kan gidan irinsa, a watan Fabrairu na 1924 tashar KFNF ta fara magana. Earl May da farko ta wayar tarho yake aika shirinsa zuwa Omaha, amma da ya ga abokin gasarsa na neman tsere masa, shi ma ya kafa tasa, KMA, wadda ta fara aiki ran 12 ga Agusta 1925. Baƙaƙen nan sunan rajista ne da hukuma ke bayarwa: galibin tashoshin da ke yamma da kogin Misisipi da K suke farawa, na gabas kuma da W.

Ka lura da lokacin. Shahararren shirin kiɗan ƙauye na tashar WLS a Shikago a 1924 ya fara. Na tashar WSM a birnin Nashville, wanda daga baya aka sa wa suna Grand Ole Opry, a Nuwamba 1925 ya fara. Watau dai wannan ɗan gari tare ya taso da manyan birane a wannan fage.

Me ya sa manoma suka rungume su?

Sai ka san halin manomin Amurka na wancan zamani. Ba a dunƙule suke zaune kamar ƙauyukanmu ba, kowane gida a tsakiyar gonarsa yake, maƙwabci na iya yin nisan kilomita guda ko fiye. Da hunturu ƙanƙara ta rufe hanya, sai iyali su yi kwanaki ba su ga baƙuwar fuska ba. A farkon shekarun 1930, gona ɗaya cikin goma ce kawai take da lantarki, don haka rediyon mai batir ne, ana tattalinsa kamar yadda ake tattalin kananzir.

Manyan tashoshin birni kuwa kiɗan 'yan boko suke sakawa, da masu gabatarwa masu lanƙwasa harshe. Field da May suka zo da nasu salon. Mutum ya cire kwat, ya zauna gaban makirfo, ya yi magana kamar yana zaure: yau an yi ruwa a wuri kaza, lokacin dasa albasa ya yi, ga abin da ke cin ganyen kabewa, ga maganinsa. Makaɗan farko ma'aikatan gidan irin ne, mai ɗaure kaya ya ajiye igiya ya ɗauki goge, mai rubuta rasit ta zo ta yi waƙa. KMA tana cikin tashoshin da suka fara buɗewa tun da asuba, lokacin da 'yan birni ke barci amma manomi ya riga ya tashi tatsar shanu.

Abin da ya fi kiɗan amfani shi ne farashi da yanayi. Da can sai mai saye ya iso ƙofar gona ya faɗi kuɗin da ya ga dama, manomi bai san yadda kasuwar Omaha ko Shikago ta kwana ba. Da rediyo ya zo, kafin ya ɗora dabba ko hatsi a mota ya riga ya ji farashin ranar. Kai da kake harkar hatsi ka fi mu sanin bambancin wanda ya shiga kasuwa da labari da wanda ya shiga da ka.

Bugu da ƙari, a lokacin tashoshi ba su cika iska ba, kuma muryar matsakaicin zango tana yin nisa da dare, kamar yadda kuke kama tashoshin nesa bayan isha'i. Saboda haka ana jin Shenandoah a jihohi da dama. A 1925 wata mujalla mai suna Radio Digest ta yi gasar mai gabatarwa da aka fi so a ƙasar, Field ya zo na biyu, bayan Graham McNamee na New York. Da shekara ta zagayo Field ya janye ya ce magoya bayansa su zaɓi May. Earl May ya ci kofin zinariya na 1926 da ƙuri'a fiye da 450,000. Gari mai mutum dubu biyar-shida ya kayar da manyan birane.

A 1927 May ya gina babban zauren kallo mai suna Mayfair, mai cin mutum wajen 1,000, da wani ƙaton gilashi tsakanin 'yan kallo da makaɗa don kada hayaniya ta shiga makirfo. Duk kaka, bayan an cire amfanin gona, tashoshin biyu kan yi biki, dubun-dubatar mutane su cika garin, a ciyar da su fanke kyauta, su ga masu muryoyin da suke ji. In za su koma gida kuwa, da wuya su fita hannu rabbana ba su sayi wani abu ba.

Ɓangaren da ya jawo rigima

To, ba kowa ne ya yi murna ba. Field bai tsaya kan iri ba. Ya shiga sayar da busassun 'ya'yan itace, da kofi, da fenti, da tayar mota, da tufafin aiki, da 'yan tsaki, yana faɗin farashi ƙarara a rediyo. Masu kantuna na ƙananan garuruwa suka ce wannan cin kasuwarsu ne: su suke biyan haya da haraji a gari, su suke ba manomi bashi har kaka, amma ran da ya sami kuɗi a hannu sai ya aika wa mai rediyo. Wasu 'yan birni kuma suka ce tallan kai-tsaye zubar da mutuncin rediyo ne. Da aka kafa hukumar tarayya mai kula da rediyo a 1927, ƙorafe-ƙorafe irin waɗannan sun isa gabanta. Su kuwa manoma suka tsaya bayan tashoshinsu, suna cewa kayan sun fi araha, kuma kiɗan da suke so ke nan.

In an duba, kowane ɓangare da gaskiyarsa. Manomi ya sami sauƙi, ɗan tireda ya ji a jikinsa. Wannan gardama ba ta mutu ba, ita ce dai ake yi yau tsakanin mai shago da masu sayar da kaya ta wayar hannu.

Mata da rediyo

Wani abin da ya riƙe tashoshin nan shi ne shirin matan gida. Leanna Driftmier, 'yar'uwar Henry Field, ta fara shiri a KFNF a 1926, wanda aka sani da Kitchen-Klatter, ma'ana ƙarar kwanuka a madafa. A KMA kuma akwai Jessie Young. Girki suke koyarwa, da adana kayan lambu, da kiwon kaji, da renon yara, suna karanta takardun matan karkara. A 1930 Leanna ta yi haɗarin mota da ya sa ta koma keken guragu, sai aka ja waya zuwa gidanta, ta ci gaba da shiri daga can. Bayanta 'yarta ta karɓa, shirin bai tsaya ba sai a 1995, shekara kusan 70 ke nan. Masu kamfanin sun gane cewa a gidan manomi sau da yawa uwargida ce ke cika takardar odar irin lambu.

Makaɗan da suka ratsa garin

Da kasuwa ta buɗe, tashoshin suka fara ɗaukar makaɗa aiki da albashi. Da safe su yi wasa a rediyo, da dare su tafi makarantu da dandalin ƙauyuka su yi wasa a biya su. A nan aka haifi Charlie Haden a 1937, iyayensa suna waƙa a KMA, shi ma tun yana ɗan shekara biyu aka fara jin muryarsa, daga baya ya zama babban makaɗin jaz na duniya. Ƙungiyar Blackwood Brothers, masu waƙoƙin coci, sun zo KMA a 1940, sai a 1950 suka koma birnin Memphis.

Waɗanda suka fi shahara su ne 'ya'yan Ike Everly, wani gwanin jita daga Jihar Kentucky da ya taɓa aikin haƙar kwal. Ya zo Shenandoah da iyalinsa a tsakiyar shekarun 1940, suka yi aiki a KMA da KFNF. 'Ya'yansa biyu, Don da Phil, kan yi waƙa a rediyo da sassafe kafin su tafi makaranta. Su ne Everly Brothers da suka girgiza duniya daga 1957. A 1986 sun dawo garin sun yi wasa. Phil ya rasu a 2014, Don a 2021.

Shekarun wahala

Karyewar tattalin arziki da ta fara a 1929 ta gwada kowa. A 1932 farashin masara ya faɗi har mudun awonsu, mai nauyin kilo 25, ya koma wajen senti 10 a wasu kasuwanni, wasu manoma suka riƙa ƙona masara don jin ɗumi tunda ta fi kwal araha. Fari ya biyo baya a 1934 da 1936.

A nan hanyoyin mutanen biyu suka rabu. Field ya shiga siyasa. A 1932 farin jininsa na rediyo ya sa ya kayar da sanata mai ci, Smith Brookhart, a zaɓen fid da gwani na jam'iyyar Rifablikan, amma a babban zaɓe ya sha kaye hannun Louis Murphy na Dimokurat. Kamfaninsa kuma, da ya faɗaɗa da kuɗin bashi lokacin da kasuwa ke ci, ya kasa biya, ragamarsa ta fita daga hannunsa. Ya ci gaba da magana a rediyo dai, ya rasu a 1949.

May kuwa, a watan Maris na 1933, lokacin da Shugaba Roosevelt ya rufe bankunan ƙasar na 'yan kwanaki, ga shi lokacin sayen iri ya zo, sai ya gaya wa manoma su aiko da odarsu da cekinsu haka nan, zai tura musu iri ya jira bankuna su buɗe. Kasada ce babba, amma manoman sun riƙe masa wannan.

A shekarun nan ne kuma irin masara mai aure ya shigo. A 1935 bai kai kashi 10 cikin 100 na gonakin masarar Ayowa ba, kafin tsakiyar shekarun 1940 ya wuce kashi 90. Yana ba da amfani da yawa kuma ya fi jure fari, sai dai duk shekara sai ka sayi sabo, abin da ya yi wa kamfanonin iri daɗi. Wasu malaman kwalejin Jihar Ayowa biyu, Bryce Ryan da Neal Gross, sun bincika yadda ya yaɗu, suka buga sakamakon a 1943. Abin da suka gano shi ne yawancin manoma daga bakin 'yan talla suka fara jin labarinsa, amma ba su yarda sun shuka ba sai da suka gani a gonar maƙwabci. Gani ya kori ji, ko a Amurka.

Yadda kiɗan ya koma faifai

Earl May ya rasu a 1946, ɗansa Edward ya gaje shi. A 1949 kamfaninsu ya buɗe gidan talabijin na KMTV a Omaha. A farkon shekarun 1950 zamanin makaɗa masu albashi ya ƙare. Dalilin a fili yake: talabijin ta kwashe 'yan kallon dare da manyan masu talla, kuma mutum ɗaya da tarin faifan garmaho ya fi ƙungiyar makaɗa goma araha. Iyalin Everly ma haka suka tattara suka bar garin. A shekarun 1960 aka rushe zauren Mayfair. KFNF ta yi ta sauya hannu, har a shekarun 1970 wata ƙungiyar yaɗa addinin Kirista ta saye ta, sunanta ya koma KYFR.

Masu sauraron su ma raguwa suka yi. A 1935 Amurka tana da gonaki miliyan 6.8, yanzu ba su kai miliyan 2 cif ba. A Ayowa daga sama da 200,000 sun koma ƙasa da 90,000, domin tarakta ɗaya tana aikin mutum da yawa, mai ƙarfi ya saye gonar maƙwabcinsa. A shekarun 1980 kuɗin ruwa ya yi tashin gwauron zabo, darajar ƙasa ta faɗi, bankuna suka yi gwanjon gonaki da yawa. Wannan ne ya sa mawaƙin kantiri Willie Nelson da abokansa suka shirya wasan tara wa manoma gudummawa mai suna Farm Aid a 1985. Sannan a 1996 aka yi dokar da ta cire iyakar yawan gidajen rediyon da kamfani ɗaya zai iya mallaka a faɗin ƙasar. Cikin 'yan shekaru wani kamfani, Clear Channel, ya tara fiye da 1,000. A garuruwa da yawa sunan tashar na nan, amma muryar daga wani birni mai nisa take zuwa.

KMA ba ta shiga wannan hannu ba. Ta zauna a gidan May shekara 94, sai a 2019 aka sayar da ita ga wasu masu zuba jari 'yan yankin. Tana nan a lamba 960 ta matsakaicin zango, tana kuma da reshen FM. Abin da aka fi saninta da shi yanzu shi ne labaran yankin, da farashin hatsi da dabbobi, da yanayi, da wasannin makarantu, da sanarwar rasuwa. Kamfanin irin Earl May ma yana nan da hedikwatarsa a Shenandoah.

Abin lura

Ga amsar tambayoyinka uku a taƙaice, malam. 'Yan kasuwar iri ne suka kafa, da kuɗin cinikinsu, don su ƙara ciniki. Manoma sun ƙaru da sanin farashi da yanayi da dabarun noma, sun kuma sami abokin hira a lokacin kaɗaici. Kiɗan kantiri shi ya kira jama'a, kamar yadda makaɗi ke tara mutane a bakin kasuwa, amma da kiɗan ya zama abin da ake samu a ko'ina, tashar da ta rayu ita ce wadda take faɗin abin da ba a samu a wani wuri: nawa aka sayar da masara yau a garin nan, kuma yaushe ruwa zai sauka.

Sai dai kada a manta, mai ba da shawarar a nan shi ne mai sayar da kayan. Field da May sun daɗe ne domin manomin da ya shuka irinsu zai gane gaskiyarsu ko ƙaryarsu kafin kaka, kuma ya san ƙofar gidansu. Don haka duk wanda ya ji ana yabon sabon iri ko taki ko maganin feshi a rediyo, ya tambayi wa ya biya kuɗin shirin, ya nemi jin ta bakin malamin gona, ya gwada a kunya kaɗan kafin ya ba shi gona duka.